Ranar da Balbela Ta Yi Wankan Majalisa

A Dajin Rafin Kanya, tun kaka da kakanni, da launi ake zama a majalisa. Farare da wurinsu, baƙaƙe da nasu, kuma ba a jin bakin kowa sai daga mazaunin danginsa. Tsari ne mai kyau ƙwarai, musamman ga masu mulki, don yana hutar da kunnuwansu.

Ladingo, uwar balbelu, ita ce bakin farare. Tun da Burgu ya sami izinin haƙar kwal yana wanke shi a rafi, kifi ya mutu ya taso, shanu suka yi ƙaura da kaskarsu, zumar dajin ta yi ɗaci har ba mai saye. 'Ya'yan Ladingo sun mutu da yunwa, saura auta a sheƙa. Al'ada ta ce sai an yi wanka a rafi kafin a shiga gaban Zaki, ita kuwa mai biyayya ce, ta shiga ta yi nutso sosai, ta taho da kukanta.

Dila, Sarkin Fada, ya tare ta a ƙofa. "Baiwar Allah, baƙaƙe hagu suke yi."

"Haba, Sarkin Fada! Ni ce fa, Ladingo."

"Ladingo fara ce fat. Ke kuwa kamar gindin tukunya. Wuce."

Ta zauna cikin hankaki, ranta a ɓace.

Burgu ya miƙe ya gyara murya. "Allah ya ja zamanin Sarki! A da, dajin nan ruwa kawai muke da shi, sai ciyawa, sai kifi. Yau muna da rami. Wane daji ne ke da rami kamar namu?"

Aka yi ta jinjina. Zaki ya yi hamma ya ce, "Farare na da kuka?"

Ladingo ta zabura. "Ranka ya daɗe, rafi ya mutu! Ɗana..."

"Kul!" in ji Dila. "Baƙi ba ya magana da yawun farare."

Majalisa ta dubi mazaunin farare, ta ga babu kowa, ta yanke cewa farare suna cikin jin daɗi har ba su ga dalilin zuwa ba. Aka ba Burgu wurin ya riƙa ajiye buhuna.

Sai aka kawo wa Zaki kifi. Ya ɗanɗana ya ce, "Wannan daga ina?"

"Daga dajin makwabta, ranka ya daɗe," in ji Burgu. "Ruwan shanka ma haka."

"Da me muke saye?"

"Da kwal."

Zaki ya dubi jama'a cike da alfahari. "To, kun gani? Da babu kwal, da me za mu ci?"

Ladingo ta tashi ta koma gida, bakinta wayam, takaici ya cika ta. Tana sauka a bakin sheƙa, autan ya ɗaga kai da ƙyar, ya dube ta, ya maƙure a gefe.

"Inna!" ya yi ƙara. "Inna, zo, ga hankaka zai cinye ni!"