Wa'azin Mai Faifan Gem a Bikin Nafi'u

Ba zan taɓa mantawa da bikin abokina Nafi'u ba, ko da kuwa shi angon ya manta.

Ina da ɗan shago a Ƙofar Kabuga inda nake sayar da faifan gem. Da can kasuwa ta yi min daɗi: sabon gem ɗin ƙwallo na fitowa, samari za su cika min shago. Sai aka zo da tsarin biyan wata. Mutum ya biya kamfani kuɗi kaɗan, ya sauke wasannin da ya ga dama ta intanet, yana kwance a ɗakinsa. Fayafayaina suka koma kayan ado, kullum sai dai in goge musu ƙura.

Nan fa na zama mai wa'azi. Duk wanda ya leƙo sai na ce masa, "Malam, biyan wata haya ce. Ran da ka kasa biya, an kore ka. Faifai kuwa naka ne, har magada su gada." (Ban taɓa ganin an raba gadon faifai ba, amma maganar tana shiga.) Cikin waɗanda na shawo kansu har da Yaya Bashir, malamin makaranta, yayan Maryam da nake neman aure. Ya soke nasa biyan, ya sayi fayafayai a wurina, yana yabona wai ina da aƙida.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, ni ma ina biya. Da farko cewa na yi bari in san makamin abokin gaba. Makamin ya yi min daɗi, na zarce.

Ranar wunin abokan ango a Zaitawa, bayan la'asar aka fito da babbar talabijin ƙofar gida, za a yi gasar gem ɗin ƙwallo. Na'urar gem ta ango ta ƙi tashi, aka ce in ɗauko tawa. Na je da sauri na dawo, ina ganin tallan kyauta ya samu. Ana haɗa wayoyi ina zuba jawabi.

"Ku duba, jama'a, faifai ba ruwansa da netwok. Wallahi ni ko kyauta aka ba ni biyan wata ba na so."

Yaya Bashir na gefe yana gyaɗa kai.

Na'ura ta tashi. Wani ya kunna mata intanet daga wayarsa, ni kuma ina can ina wa'azi ban lura ba. Sai ga saƙo ɓaro-ɓaro a fuskar talabijin, da sunana a sama. Yaya Bashir ya gyara tabarau, ya karanta Turancin, sannan ya fassara a hankali kamar yana cikin aji.

"Wai an sabunta maka biyanka na wannan wata. Suna kuma godiya, tunda kana cikin daɗaɗɗun abokan hulɗarsu."

Kowa ya juyo yana kallona. Na ce, "Ai bincike nake yi, Yaya."

"To, Allah ya ba da sa'a. Da alama binciken ya yi nisa."

Ango ya fara dariya har hularsa ta faɗi, saura suka ɗauka. (Aka kuma lallasa ni a gasar, da tawa na'urar.)

Na kwana ina tunanin aurena ya tafi. Washegari Yaya Bashir ya zo shago, ya aje fayafayansa a kan kanta, ya ce, "Ba faɗa na zo ba. Mayar da ni kan tsarin biyan watan, tunda kai ne gwani." Maryam kuwa da na kira ta, dariya ba ta bar ta ta amsa sallama ba.

Yanzu rabin cinikina taya mutane biyan watan ne da gyaran na'ura. Abin da na koya? Gaskiya tana da kyau ƙwarai. In kuma mutum bai shirya mata ba, ya ce tasa na'urar ma ta lalace.