Yadda Na Tura Amarya Tsibirin Kwakwa

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren Nura a Birmingham ba, kuma ko na so in manta, matata Hadiza ba za ta bari ba.

Bari in fara da laifina. Shekara biyu kafin bikin, jami'armu ta tura ni taro a gabashin Afirka, da aka tashi sai na ƙara kwana uku a wani ɗan tsibiri da ke kusa. Kwana uku kacal (ɗaya ma a kwance na yi shi, saboda aman da na sha a kwalekwale). Amma tun da na dawo unguwarmu ta Levenshulme a Manchester na naɗa kaina masanin tsibiran duniya. Ko a shagon nama na Stockport Road wani ya ce yau akwai ɗan zafi, sai in yi murmushi in ce, "Ai ba ku ga zafi ba. Lokacin da nake tsibiri..." Har abokaina suka daina ambaton rana ko teku in ina wurin.

Shi Nura ƙanina ne na zaman tare. Ni na tarbe shi ranar da ya sauka Manchester karatu, a falona ya yi sati biyu kafin ya sami ɗaki a Gorton. Ana saura sati ɗaya bikinsa muka haɗu a bas, ya matso kusa ya rage murya.

"Yaya, bayan biki zan kai Fa'iza wani ɗan tsibiri. Surprise ne, ita ma ba ta sani ba. Don Allah ka riƙe min."

Ya buɗe baki zai ƙara bayani, na ɗaga masa hannu. "Kar ka wahalar da kanka, Nura. Ni za ka gaya wa tsibiri?"

Washegari na nufi Cheetham Hill. A tsakiyar Nuwamba, ana yayyafi, na bi shaguna ɗaya bayan ɗaya ina neman gidan sauro, da malafa biyu, da takalman roba na shiga ruwa. Wani mai shago ya daɗe yana kallona kafin ya hau tsani ya sauko min da malafar daga saman kanta, duk ƙura. Da na shigo gida da kayan, Hadiza ta dube su ta dube ni.

"Baban Ilham, ka tambaye shi wane tsibiri ne?"

"Hadiza, tsibiri ai tsibiri ne. Ruwa ya kewaye ƙasa, shi ke nan."

Ta juya ta ci gaba da aikinta (haka take yi in ta bar ni da Allah).

Ranar walima zauren ya cika, dangin amarya na Birmingham a gefe guda, mu 'yan Manchester a ɗaya gefen. Bayan an ci shinkafa, mai gabatarwa ya ce yayan ango zai yi nasihar minti biyar. Wallahi da niyyar nasihar aure na tashi, haƙuri da juna da makamantansu. Amma da lasifikar ta shiga hannuna, sai na yi wa kaina fatawa: ai ban san sunan tsibirin ba, saboda haka duk abin da na faɗa ban tona sirri ba.

"Amarya," na ce, "inda za a kai ki, abu na farko, kada ki zauna a ƙarƙashin bishiyar kwakwa. Inuwarta da daɗi, amma ba ta sallama kafin ta saki ɗa."

Aka yi dariya. Dariyar nan ita ta ƙarasa ni. Na gyara tsayuwa na ci gaba. Na ce su tauna citta kafin su shiga kwalekwale, su zauna a tsakiya, su kafa ido a nesa. Na ce su sa waya a leda su ɗaure bakin. Na ce kada su yarda da maganar nan cewa rana ba ta ƙona baƙar fata, don ni sai da na yi saɓa kamar maciji. Kada su sha ruwan famfo. Su tambayi alƙibla tun ranar farko, su kuma riƙa tambayar lokacin da ruwa ke janyewa, don akwai safiyar da na fito wanka na tarar teku ta yi tafiyarta. Ina magana ina zaro kaya daga jaka. Na baza gidan sauro a gaban babban teburi. Na ɗora malafa ɗaya a kan hulata don su ga yadda ake sawa.

Sai Fa'iza ta yaye mayafi daga fuskarta. A Birmingham aka haife ta, Hausarta tana fita da kyar, amma ranar ta fita tsaf.

"Nura! Da gaske? Wurin rana za mu je?"

Wata gwaggo ta rangaɗa guɗa. Ƙawayen amarya suka miƙe suna tafi. Mahaifiyarta ta fara share hawaye tana sa wa Nura albarka. Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya dafe goshi, ni kuma na ɗauka kunyar angwanci ce, har na ce a ƙara masa tafi.

Daga teburi na biyu Anti Bilki ta miƙe, yayar Nura ce, ma'aikaciyar jinya, mace mai muryar da ba ta buƙatar lasifika.

"Malam, wai wace kwakwa kake ta faɗa? Scotland fa za su je."

Na ce, "Na'am?"

"Scotland. Can ƙarshen arewa, wani tsibiri mai tumaki. Ni da hannuna na sayo musu rigunan sanyi da safa."

Duk zauren ya juyo yana kallona. Ina tsaye, malafa a kan hula, takalmin roba a hannun dama, lasifika a hagu. Na dubi Hadiza, na ga ta sa fuskarta cikin jaka kamar mai neman wani abu. Ya kamata in zauna a nan. Ban zauna ba.

"To... ai can ma da jirgin ruwa ake zuwa," na ce. "Maganar citta tana nan."

Wani dattijo daga baya ya ce, "Ita kaɗai ta tsira, ɗana. Zo ka zauna."

Fa'iza ta mayar da mayafinta a hankali. Mahaifinta ya taso ya karɓi lasifikar daga hannuna da ladabi, ya ce a yi addu'a. Ban taɓa jin addu'ar da na so ta yi tsawo kamar wannan ba.

Sati uku Nura bai ɗauki wayata ba. Da ya huce ya zo gida, ya ba ni labarin da na hana shi ƙarasawa a bas. Ashe Fa'iza ce ta taɓa cewa aikin asibiti ya gajiyar da ita, tana son wurin da babu hayaniya, babu mai kiranta. Wata biyu ya yi yana neman wurin. Sun je, ruwa ya yi musu kwana biyar bai ɗauke ba, kuma ta ji daɗin wurin. Sai dai kafin ta yarda ta shiga mota, sai da ya yi mata alkawari a gaban mahaifiyarta cewa baɗi zai kai ta inda kwakwa ke faɗowa.

"Yaya," ya ce, "kai ka yi jawabi, ni aka bari da cikawa."

Na ba shi haƙuri, na kuma ce in lokacin ya zo ya neme ni, akwai wasu shawarwarin da ban kai ga faɗa ba. Ya ajiye kofin shayinsa ya yi mana sallama.

Tun daga ranar, in mutum ya fara ba ni sirri nakan bar shi ya kai aya. In kuma aka miƙo min lasifika a biki, sai in ce Allah ya ba da zaman lafiya, in koma kujerata tun shinkafata ba ta huce ba.