Rasuwar Fedar Hagu ta Malam Sha'aban

Da zuciya cike da baƙin ciki, amma ba tare da sunkuyar da kai ba, Malam Sha'aban na Tsamiyar Dogo, gabas da Ɗanbatta, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har ma da 'yan dariya, rasuwar Fedar Hagu, wadda ta cika ranar Talata bayan la'asar.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, ita ake takawa wutsiyar jirgi ta karkata, a wasan tuƙin jirgin sama na cikin kwamfutar da 'yarsa Rumaisa ta bar masa. Ba 'yar kanti ba ce. Daga tsohuwar karkiyar shanunsa aka yanko ta, aka ɗaure da robar keke, Rumaisa ta jona mata waya. Shekara biyu tana haƙuri da ƙafar da ta yi shekara arba'in tana bin garma. Malam ya taka, jirgi ya yi daji. Ya shiga saiti ya rage mata ji, ta yi kunnen uwar shegu. Ya ƙara, ta zabura. Duk wannan wahala ba ta taɓa cewa komai ba sai "ƙiiƙ".

Ƙiiƙ ɗin ne sanadi. Malam ya tausaya mata, ya shafe ta da man gyaɗar mai ɗakinsa Tahira. Ɓeraye suka ji ƙamshi suka zo dubiya, suka ci robar saura ƙiris.

Talatar nan kuwa ita ce ranar da ya tara 'yan majalisa a zaure, da jagoransu Kamaruddeen mai shayi, wanda ya laƙaba masa "Kyaftin na ƙasa". Malam ya yi alkawarin sauke jirgi miƙe kamar kunyar gonarsa, kowa ya gani da idonsa. Titin sauka ya bayyana, iska ta bugo ta gefe, ya taka hagu. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ɗas!" Jirgi ya kutsa ciyawa, dariya ta kai har bakin rijiya. Abin ya yi wa Malam ciwo ƙwarai, ko tuwo bai ci ba ranar.

Ta rasu ta bar tagwaininta Fedar Dama, wadda yanzu sai zagaye take sa jirgi kamar akuya a turke, da sandar tuƙi, da maigidan da bai daddara ba.

Za a binne ta gobe da hantsi a gindin tsamiyar ƙofar gida. Ba a karɓar ta'aziyyar ɓeraye. Zaman makoki kuma babu, domin karkiya doguwa ce, gizago na hannun Malam. Ran sadakar bakwai za a sake taruwa a zaure, jirgi zai sauka. An ware wa Kamaruddeen tabarmar gaba.