Farin Dutsen da Ya Ci Gemuna

A shekarar da na fanshi kaina daga bauta na buɗe maƙera a bakin tashar jiragen ruwan birnin Bahiya, wani Bature matuƙin jirgi ya kawo mini bindigarsa. Ƙanƙararta, wato dutsen da ke ba ta wuta, ita ce ta cinye.

Baba Audu, tsohon maƙerin da ke gefena, ya ce, "Ɗana, babbar bindiga sai baƙar ƙanƙara daidai bakinta."

Na ce, "Baba, a gidan maƙera aka yanke mini cibiya." Na zaɓi wani farin dutse mai ƙyalli na ɗaura, na zuba albarushi. 'Yan dako suka sauke kaya suka kewaye ni.

Na ja kunama, shiru. Na sake, shiru. Na ɗana, na sunkuya ina leƙe cikin natsuwa irin ta masana, yatsana na kan kunamar. Nan dutsen ya ga dama.

Gemun da nake tattali tun ina bawa ya tashi a hayaƙi. Bature ya miƙa wa Baba Audu bindigarsa.

Har yau, duk ɗan dakon da zai kunna lofen tabarsa sai ya leƙo ya ce, "Maƙeri, ara mana gemu."