Kushin Buhu Shida

Ba zan taɓa mantawa da kujerar da na haɗa a turakata ba, ko da kuwa mutanen garinmu Tafoki za su yi mini alfarma su manta (har yanzu ba su yi ba).

Abin ya samo asali ne daga Katsina. Na je aikin ido, sai babban ɗana ya sauke ni a ɗakin barcinsa. A gefen taga akwai kujera mai laushi, da ɗan teburi, da darduma. Mutum ya sauko daga gado ya zauna ya sha shayi, ba sai ya fita zaure kowa ya gan shi ba. Na ce a raina, ashe haka 'yan birni ke hutawa. Na dawo gida da wannan sha'awa, amma ba ni da halin sayen kushin.

A shekarar kuma ba a barin hatsi a rumbu saboda ɓarayi, kowa ɗaki yake shigar da nasa. Ina da buhu shida na masara jingine a bayan ƙofa. Sannan ga ƙanena Haruna, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda gonarsa ta bakin daji ba ta nomu ba a daminar da ta wuce. Na san nasa ya kusa ƙarewa, na kuma san ƙofar da zai fara bugawa. Nakan gaya wa mutane cewa don kwalliya na yi kujerar. Gaskiya ita ce kwalliya ta zo ta tarar da rowa tana jiranta.

Na kwantar da buhu huɗu a jikin bango ƙarƙashin taga, biyu kan biyu. Na ɗora biyu ta baya suka zama majingina. Na yanko tsohon soson katifa na shimfiɗa a kai, na lulluɓe da bargon da na zo da shi daga aikin Hajji, na cusa bakinsa ta ƙasa. Na sayo matasai biyu da 'yar ledar ɗaki a kasuwar Faskari, na ajiye teburi da rediyo da filas ɗin shayi. Wallahi ta yi kyau. Iska na shigowa ta taga, bayana ya samu majingina, ga labarai a kunne.

Maiɗakina Hajiya Rabi ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallo.

“Alhaji, kujera ka yi ko sutura ka yi wa masara?”

“Zamani ne, Hajiya. Zo ki zauna ki ji.”

“Ni ba ni zama bisa abinci,” in ji ta, ta jawo tabarmarta.

Kwana uku tsakani Haruna ya same ni a zaure. Muka gaisa, ya daɗe yana wasa da bakin hularsa kafin ya yi magana.

“Yaya, yaran nan kwana biyu ke nan rama suke ci da ƙuli. In da hali, ko tiya goma ce, ta kai mu wani lokaci.”

Na yi ajiyar zuciya irin ta wanda duniya ta dama. Na ce ai ni ma abin da ya rage ba zai kai ni kaka ba. Ban tsaya nan ba, sai da na kama hannunsa na kai shi bakin rumbu, na buɗe masa ya leƙa ya ga wayam. (Abu ɗaya da nake gode wa Allah a kai shi ne ban rantse ba. Saura kaɗan dai.) Na sa aka auno masa tiya biyu daga kwanon girkin Hajiya. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi ta godiya har ya ba ni haƙuri don ya dame ni.

Ina da hujjojina a lokacin. Gidana ma baki ne da yawa, hatsi na tashi a kasuwa, ba wanda ya san yadda damina za ta kaya. Duk gaskiya ne. Amma buhu shida buhu shida ne. Daga ranar Hajiya ta daina kawo mini shayi a teburin, sai ta dire filas a bakin ƙofa ta juya.

Bayan mako biyu zazzaɓi ya kwantar da ni. Ka san dubiya, ba a tsayar da ita a zaure, har gado ake iske mutum. Bayan la'asar Haruna ya shigo tare da limamin unguwarmu da abokina Alhaji Mamman mai goro, mutum ne da in ya hau babur sai tayar baya ta yi kuka. Hajiya ta ɗauko tabarma za ta shimfiɗa. Ni kuma daga kwance, da bakina, ba wanda ya tilasta ni, na ce, “A'a, bar tabarma. Ku hau kujera mana.”

Suka hau. Liman a gefe, Haruna a ɗaya gefen, Alhaji Mamman a tsakiya.

“Kai, mutumina, ka zama ɗan birni,” in ji Alhaji Mamman yana dukan matashi. “Wanga kushin daga ina? Yana da ɗan tauri, amma ya fi lafiya ga baya.”

“Aikin hannu ne,” na ce.

Na ga dai Haruna ya ɗora tafin hannunsa a kan bargon ya danna sau ɗaya, ya janye. Manomi ne tun yana shekara bakwai.

Liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a, Alhaji Mamman ya gyara zama don ya shafa da kyau. Ashe ɓera ya riga ya yi wa buhun ƙasa aiki ta kusurwa. Sai muka ji ɗinki ya ce ɓarat. Masara ta fara zuba a kan sabuwar ledata, da ƙara kamar ruwan farko a kan kwano, tana gangarowa har kan yatsun Haruna. Liman bai katse addu'ar ba, amma ya gajarta ta ƙwarai. Muka shafa, masara na ci gaba da zuba.

Ba wanda ya dubi wani. Na rufe ido na yi nishi, ko za a ɗauka jikin ne ya tashi. Da na buɗe, Haruna ya duƙa ya ɗebi 'yan ƙwayoyi, ya jefa ɗaya a baki ya gartsa.

“Ta bushe da kyau, Yaya,” in ji shi. “Amma a sa mata katako ta ƙasa, sanyi na iya taɓa ta.”

Sannan ya juya ga Hajiya ya ce ta ara masa basilla da zare. A gabanmu ya tattara masarar nan tas da hannunsa, ya mayar cikin buhu, ya ɗinke, ya ja bargon ya rufe yadda ya same shi. Ya yi mini Allah ya ƙara sauƙi, ya fita. Da zagina ya yi, da na samu abin riƙewa.

Washegari na sa aka tura masa buhu biyu a baro. Kafin azahar ɗaya ya dawo, da saƙon cewa guda ya ishe su, kada kujerar Yaya ta gurgunce.

Da na ji sauƙi na taka har gidansa, ni babba, na zauna a zaurensa na ce ya yafe mini. Ya ce, “Ba komi, Yaya.” Na san irin wannan ba komin. Sai da na yi ta zarya, na kai ɗaya buhun da kaina, na ba shi rabin gonata ta bayan gari ya shuka wake, kafin ya koma shigowa gidana ba tare da an aika masa ba. Yara ba su kwana da yunwa ba daga baya, amma makonni biyun nan da suka yi ina kishingiɗe a kan abincinsu ina sauraren rediyo, ba ni da hanyar mayar musu da su.

Alhaji Mamman kuwa bai bar zancen ya mutu ba. Ko a wurin ɗaurin aure aka miƙo mini kujera, sai ya ce a dakata ya taɓa, ya ji ko ta dawa ce ko ta gero.

Abin da na koya, a shekarun da ya kamata a ce ni ke koyar da wasu, shi ne: in za ka gyara wurin zama a ɗakinka, ka yi shi da abin da ba ka jin kunyar a ɗaga bargo a gani. In kuma ka ƙi ji, to kada ka kwanta ciwo, don 'yan dubiya ba su zuwa da sikeli.