Ranar da Aka Ɗauke Mini Tsani

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da kwanon rufin ɗakina ya gasa ni kamar ɗanyar masara, kuma babu halin in yi ko tari.

A layinmu na nan Gaya tsani ɗaya gare mu. Babu wanda ya san takamaimai mai shi. Wasu sun ce na kakan Malam Hudu ne, maƙwabcinmu manomi, wasu sun ce wani magini ne ya manta shi tun ana ginin masallaci. Ya sha ɗauri da waya har ba a gane asalin katakonsa. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: duk inda ka gan shi a jingine babu mai aiki da shi, ɗauka kawai, ba sai ka tambayi kowa ba. Amma kafin ka ɗora ƙafa a kansa sai ka tsaya a tsakiyar lungu ka ɗaga murya ka ce, "Salamu alaikum, za a hau sama, a kimtsa!" Gidajenmu a manne suke da juna, wanda ya hau rufi yana ganin tsakar gidan maƙwabta har da abin da ke cikin tukunyarsu. Da an ji shelar, mata sai su ja mayafi ko su shige ɗaki har a sauko.

To ni matsalata da wannan shela ita ce murya. Allah ya ba ni jiki, ya ba ni gemu, ina koyarwa a firamare a Toranke, in na hau babur ɗina har tayar baya sai ta yi ƙasa. Amma da aka zo rabon murya ban san inda na tafi ba. Siririya ce, kuma in na ɗaga ta sai ta tsinke a tsakiya. Farkon tarewarmu na taɓa yin shelar da zuciya ɗaya, sai na jiyo Gwaggo Tabawa mai kitso daga bayan katanga tana cewa, "Wace yarinya ce kuma za ta hau sama?" Dariyar da matan layin suka yi ran nan har yau tana kunnena. Na yi wa kaina alkawarin ba za a sake ba.

Sai kuma maganar Inna, mahaifiyar matata Rabi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nata. Tun da na auri 'yarta ban taɓa haɗa ido da ita ba. In na hango ta a hanya, tun daga nesa nake sauka daga babur in durƙusa. Ita kuwa duk gidan biki ko gidan suna da ta shiga sai ta yi zancen kunyar surukinta. Ba ni da mota, gonata ba ta a zo a gani ba ce, albashin kuma kun san shi. Jarina a wannan dangi kaf shi ne wannan yabo na Inna, kuma ina ji da shi.

Ranar wata Asabar ce da kaka, yawancin maza sun tafi gona roron wake. Da sassafe Rabi ta ce za ta je aikin suna, matar yayanta ta haihu. Na ce a dawo lafiya. Ban tambayi a wane gida za a yi aikin ba (ku riƙe wannan, a nan na fara faɗuwa). Wajen hantsi na lura fanka tana juyawa kamar mai jin barci. Na san kashin tattabaru ne ya rufe farantin sola. Na leƙa waje, layi tsit, ga tsani a jingine a bangon masallaci kamar ni yake jira.

Na ce a raina, shafawa ɗaya ce in sauko, wa zai sani? Na tuɓe riga na rataye a ƙusa, wayata tana cikin aljihunta. Daga ni sai singileti da wani gajeren wando da nake kwana da shi, wanda Rabi ta sha roƙona in bar mata ta yi tsumma. Na ɗauki ɗan tsumma, na jingina tsani ta lungu, na haye shiru kamar muzuru.

Rufin namu yana da ɗan rawani a gefe, tsayin bulo ɗaya. Na rarrafa na goge farantin tas, har ina yaba wa kaina. Sai na ji luguden taɓare da shewa a kusa, kusa ƙwarai. Na ɗan ɗago kai ba da niyya ba. Jama'a, tsakar gidan Inna cike take da mata. Masu daka na daka, masu lalle sun miƙe ƙafafu a leda, ɗankwalaye duk a ajiye a gefe. Inna da kanta tana zaune a kan tabarma, Gwaggo Tabawa ta tsefe mata kai tana yi mata kitso.

Ban san lokacin da na kife a kan kwano ba. Na ja ciki da baya da baya zuwa inda na bar tsani, na zura ƙafa ina lalube. Iska. Na sake lalubawa. Iska. Na leƙa lungu, sai na hango wutsiyar tsanin tana shan kwana a kafaɗar Malam Hudu.

Na kwanta na yi lissafin rayuwata. In na ƙwala wa Malam Hudu kira, babu macen da ba ta san muryata ba a layin nan. In na dira, ƙasa siminti ce, ni kuma ba ƙaramin kaya ba ne. Waya tana ƙasa. Abin da ya rage shi ne in lafe a bayan rawanin nan har Allah ya kawo wani namiji lungun in yi masa raɗa. Abin da ya wuce ta lungun a ranar akuya ce, ita ma ta ɗaga kai ta dube ni ta yi gaba.

Rana ta fara ɗagawa. Wanda bai taɓa kwanciya rubda ciki a kan kwano da rana ba, kada ya yi mini musu a kan zafi. In na ɗaga ciki, gwiwa ta ƙone. In na ɗaga gwiwa, ciki ya ƙone. Na shimfiɗa ɗan tsumman da na goge kashin tattabaru da shi a ƙarƙashin haɓata, ina godiya ga Allah da ya sa na zo da shi. Gumi yana ɗiga a kan kwano yana bushewa nan take.

Ina cikin wannan hali hira ta biyo ta kaina.

"Rabi, ina angon naki? Ko leƙowa bai yi ya ce mana sannu da aiki ba," in ji Gwaggo Tabawa.

"Yana gida, Gwaggo. Ƙila barci yake," in ji Rabi.

Sai na ji muryar Inna a hankali, cike da alfahari: "Wa? Malam? Ai ko za a yanka shi ba zai shigo inda mata suka taru ba. Yaron nan tun da nake da shi ban san launin ƙwayar idonsa ba. Irinsu sun yi ƙaranci yanzu, Tabawa."

"Allah ya bar ku tare," in ji matan.

Wallahi na ji daɗin maganar, kuma na ji kamar in mutu. Mutane suna cewa ƙasa ta tsage su shige. Ni ƙasar ma ta yi mini nisa.

Da zan iya jurewa har azahar, da maza sun dawo salla an rufa mini asiri. Amma Malam Hudu yana da zabi, kuma zabin nan sun saba hawa rufinmu. Suka faɗo fir-fir, suka yi arba da ƙaton mutum a shimfiɗe. Kun san zabo ba ya ganin abu ya yi shiru. Suka miƙe wuya suka kama kururuwa gaba ɗaya. Na yi musu alama da hannu su tafi, na yi musu daƙuwa, har roƙonsu na yi a zuci. Sai ma suka ƙara.

Daka ya tsaya.

"Kai, zabin nan sun ga wani abu," in ji wata.

"Maciji ne," in ji Gwaggo Tabawa. "Lokacinsu ne. Ko muzurun da ya cinye mini 'yan tsaki. Ku jefe shi ya sauko!"

Ban taɓa sanin matan layinmu sun iya saiti haka ba. Hoge ya fara sauka a kan kwano, kwaram, kwaram. Guntun itace ya wuce ta saman kaina. Wani ƙwallon goruba ya same ni a ƙafa na cije leɓe na daure. Sai wata baiwar Allah (daga baya na gano matata ce ta sunna) ta samo rabin bulo na ƙasa ta wurgo da iya ƙarfinta. Ya sauka daidai inda ake zama.

"Wayyo Allah na!"

Da muryar nan tawa. Kuma a tsaye na faɗe ta, don jikina ya miƙe ba tare da ya yi shawara da ni ba.

Ga ni a tsaye a sararin Allah, singileti ya naɗe ya hau saman tumbi, gajeren wando, tsumma a hannu. Ga mata sun fi a ƙirga, kowacce da abin jifa, baki a buɗe. Ga Inna, rabin kai a kitse rabi a tsefe. A karon farko tun aurena muka haɗa ido.

A irin wannan lokaci mai hankali yakan yi shiru. Ni kuwa sai ƙwaƙwalwata ta tuno mini da abin da ya kamata in yi tun hantsi. Na buɗe baki na ce da ƙarfi, "Za a hau sama, a kimtsa!"

"Ai ka riga ka hau, ɗan nan," in ji Gwaggo Tabawa.

Ban tsaya nan ba. Tarbiyya ta motsa, na durƙusa a kan kwanon nan mai zafi na sunkuyar da kai na ce, "Inna, ina wuni?"

Nan gida ya hargitse. Masu lalle suna tsalle da leda a ƙafa, wata ta kifa ƙwarya a ka, wata ta shige bayan turmi kamar zai ɓoye ta. Inna ta ɗauki faifai ta kare kanta, ta juya baya, ta ce da Rabi a natse, "Je ki ce wa Malam Hudu ya kawo tsani." Ba ta amsa gaisuwar ba. Wannan ya fi rabin bulon zafi.

Malam Hudu ya zo da tsani, harawa duk a jikinsa, don ɗora ta yake yi a kan rumfa. Ina saukowa na fara yi masa ƙorafi ya ɗauke tsani da mutum a sama. Ya dube ni da mamaki na gaskiya.

"Malam, ai ina gida tun safe, ban ji an yi shela ba. In ba a yi shela ba, babu kowa a sama. Haka muka gada."

Na ja jiki na shige gida.

Kafin la'asar magana ta zaga gari, kuma ta canza kama. A bakin masallaci ana cewa malamin Toranke ya hau rufi leƙen mata. Na kulle kaina a ɗaki, Rabi tana shafa mini man kaɗanya tana kuka tana dariya a lokaci guda. Dariyar mutane ba ta dame ni ba kamar tunanin abin da Inna take ɗaukata yanzu. Na yanke shawarar ba zan je sunan ba. Rabi ta ce in ban je ba na tabbatar musu.

Washegari bayan an raɗa suna, na lallaɓa zauren Inna da babbar riga, ina tafiya kamar mai ƙurji. Zauren cike da dattawan layi, duk suka zuba mini ido da na shiga. Na durƙusa a bakin ƙofar cikin gida na yi gaisuwa. Can sai na ji Inna daga bayan labule, ba da ni take magana ba, da Malam Hudu take.

"Malam Hudu, kai ka sauko da shi. Me ka gani a jikinsa?"

"Shatin kwano, Hajiya. Layi-layi tun daga ƙirji har cinya. Har da haɓa."

"To ku ji," in ji Inna, ta ɗaga murya yadda na waje ma za su ji. "Mai leƙe kansa a sama yake. Wannan kifa fuska ya yi a kan wuta tun hantsi don kada ya gan mu. Wauta ce ta kai shi, amma kunya ce ta gasa shi. Kada in sake jin wata magana." Sannan ta juyo da magana kaina ta ce, "Lafiya lau, Malam. Ya jikin?"

Na ce da sauƙi, hawaye yana zubo mini a gemu. Dattawa suka fashe da dariya, wani ya ce in ɗaga riga a ga shaida, kuma don tsabar farin ciki saura kaɗan in ɗaga.

An wanke ni, amma ba kyauta ba. Har yau a layinmu Gasasshe ake kirana, ɗalibaina na Toranke ma sun samu labari. Abin da na koya shi ne, in jama'a suka ce ka yi shela, yi kawai, ko da muryar ɗan tsako gare ka. Gara a yi maka dariya kana ƙasa da rigarka a jiki.