Hular da Zaharadden Ya Shanye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki zafi, gidan Malam Isha'aku na unguwar Sa'alaba a Jidda yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar hularsa, jar hana-sallah, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a cikin robar wanki. Ba ciwo ne ya kashe ta ba. Ƙanin matarsa ne, Zaharadden.

Marigayiyar 'yar asalin Japan ce. Ta taso a kan Kenzo Arakida, direban tseren motoci, ɗan mai gyaran babur, wanda ya fara tuƙa ƙaramar motar tsere yana da shekara bakwai. Shekara goma sha ɗaya ya yi a manyan gasa bai ɗaga kofi ba. Sau ɗaya ya zo na huɗu, ranar da ruwan sama ya watsar da rabin abokan karawarsa. Hular kwano ce ke shiga mota da shi. Aikin marigayiyar ya fi wuya: ita ke rufe masa fuska bayan tsere, idan 'yan jarida suka zo jin abin da ya faru.

A nan Jidda aikinsa ya ƙare. Da yammacin ranar gwaji, a titin tsere na bakin teku, ya rungumi bango. Ya fito da ƙafarsa, ya zauna bayan shinge, hula a kan ido. Malam Isha'aku na wurin da tsintsiya, yana aiki da katin wani Abdelkader ɗan Chadi. Ya miƙa masa ruwan sanyi, ya tsaya ya tare masa rana. Baƙon ya tambayi sunansa.

Malam Isha'aku umra ya zo shekara goma sha tara da suka wuce, kuma har yau bai gama bankwana ba. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Ya amsa sunan Abdelkader a wurin aiki, ya amsa na wani mai suna Turki a asibiti. Ranar dai, bakinsa ya suɓuce ya faɗi nasa. Arakida ya cire hular, ya rubuta sunan a bakinta da baƙin alƙalami, da rubutun ƙasarsu, ya ɗora masa a ka. A faɗin ƙasar nan, wannan ce kaɗai shaidar da ke ɗauke da sunan Isha'aku.

Marigayiyar ta yi zaman mutunci. Duk da sunan da aka laƙa wa danginta, ba ta taɓa hana shi sallah ba. Juya ta ƙeya yake yi, ta bi jam'i. Magana ɗaya aka sani a bakinta, wato ƙyat ɗin maɗaurinta idan an kwance.

Shi kuwa Zaharadden haifaffen Jidda ne, takardunsa cif, sunansa har a jikin shagonsa na waya a unguwar Madain Fahd. Lasisin tuƙi ne ya gagare shi, sau huɗu yana faɗuwa. Sai ya yi nazari irin nasa: rubutu rubutu ne, kuma na hannun direban tsere ba zai rasa asiri ba. Ya bari maigidan ya tafi sauke kaya a tashar jiragen ruwa, ya jiƙa hular, ya dirje da buroshin haƙori, ya tace, ya ƙara sukari, ya shanye.

Da aka ritsa shi cewa ya yi, “Yaya, ai hular na nan. Halas, shi ke nan, ta ma fi tsabta.”

Yayarsa Hikima ta ce, “Malam, yi haƙuri, yaro ne.” Shekarar yaron talatin da huɗu.

Gidan mamaciya na shaida cewa rubutun ya ci. Ranar Laraba, a gwaji na biyar, Zaharadden ya rungumi bangon makarantar tuƙi.

Ta rasu ta bar Malam Isha'aku da sanƙonsa a rana, da ƙusar da take kwana a kai, da Arakida, wanda aka ce yanzu yana koya wa yara tuƙi a garinsu, bai san an yi masa maraici ba.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar. Za a naɗe gangar jikin a farin ƙyalle, a sa a akwatin ƙarfe, a kulle. Abin da ke cikinta kuwa an riga an binne shi a cikin Zaharadden, don haka masu ziyarar kabari su wuce Madain Fahd, ana buɗewa ƙarfe tara. Masu zuwa neman a yafe su huta a gida, ba a tanadi tabarmarsu ba. Malam Isha'aku ya ce ranar da jami'an jawazat, masu duba takardun baƙi, suka tare shi a hanya, adireshin shagon zai ba su, su je su ciro sunansa ta duk hanyar da suka ga ta fi musu sauƙi.